Daga Kalangu Zuwa Lambobi: Yadda Ake Mayar Da Kiɗa Umarnin Wasan Kwamfuta, Da Abin Da Ke Salwanta A Hanya

Duk ma'aikacin da ya riƙe wayar Nokia 3310 a farkon zuwan salula Nijeriya, wato daga watan Agustan 2001, zai iya tuna wata 'yar sana'a da ta ɓace ba tare da an lura ba. A cikin wayar akwai sashen da mutum ke haɗa wa kansa kiɗan kira. Maɓallai daga 1 zuwa 7 su ne sautuka bakwai, lamba 8 tana gajarta sauti, lamba 9 tana tsawaita shi, sifili kuma tana sanya shiru. Samari kan kwafi jerin lambobi a takarda su miƙa wa juna, wanda ya danna su daidai sai ya ji wayarsa tana rera karin waƙar da yake so da wata siririyar murya. A cikin wayar babu muryar mawaƙi, babu ganga, umarni ne kawai: buga sauti kaza, na tsawon lokaci kaza, sannan ka yi shiru.

Wannan aikin da aka yi da babban yatsa a bakin titi shi ne ainihin abin da masu ƙera wasannin kwamfuta da na waya ke yi a yau da manyan manhajoji. Suna ɗaukar fayil ɗin kiɗa su warware shi zuwa jerin lambobi da wasa zai iya karantawa, ya yi aiki da su. Batun ya shafe mu, domin Gwamnatin Tarayya ta sanya ƙera wasannin kwamfuta cikin sana'o'in da take horar da matasa a kansu, alhali ma'aunin da duniya ke amfani da shi wajen wannan juyi bai san kalangu ba, bai san goge ba, bai kuma san gangunan Gwari na ƙasar Kuta ba.

Hoton sauti da takardar umarni

Fayilolin kiɗa iri biyu ne, kuma fahimtar bambancinsu ita ce ƙofar zancen. Na farko shi ne naɗaɗɗen sauti, irin MP3 da muke turawa juna. Na'ura ce ta saurari makaɗi ta adana abin da ta ji. A ma'aunin faifan CD, ana ɗaukar awon sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, saboda haka minti ɗaya kan cinye kimanin megabait 10. Idan an matse shi zuwa MP3 yakan sauko zuwa kusan megabait ɗaya. Irin wannan fayil kamar hoto yake: yana nuna komai yadda ya faru, amma ba za ka ce wa mutumin da ke cikin hoto ya juya baya ba.

Na biyu shi ne MIDI, ma'aunin da kamfanonin kayan kiɗa na Amurka da Japan suka amince da shi a 1983, bisa jagorancin Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland. Fayil ɗin MIDI ba ya ɗauke da sauti ko kaɗan. Abin da ke cikinsa saƙonni ne: an danna sauti mai lamba kaza, da ƙarfi kaza, a layi kaza, an sake shi bayan lokaci kaza. An jera sautukan kamar tsani mai matakai 128, daga 0 zuwa 127. Mataki na 60 shi ne tsakiyar fiyano, na 69 kuma shi ne sautin da ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, wanda makaɗan Turai ke daidaita kayansu da shi. Ƙarfin bugu ma yana da awo har 127, layukan kayan kiɗa kuma 16 ne. Tunda lambobi ne zalla, waƙar da za ta ci megabait 30 a ma'aunin CD tana iya zama 'yan kilobait a MIDI.

Masu wasannin kwamfuta sun fara rungumar irin wannan dabara ne saboda ƙarancin wuri. Wasan Super Mario Bros. na 1985, da hotunansa da kiɗansa da dukkan umarninsa, kilobait 40 ne kacal, na'urar Nintendo da ake buga shi kuwa layukan sauti biyar take da su. Dole mawallafin kiɗan, Koji Kondo, ya miƙa aikinsa a matsayin lambobi. Amma talaucin ya zo da alheri. Wanda ya taɓa buga wasan ya san cewa idan lokaci ya kusa ƙarewa, kiɗan yakan ƙara sauri. Hakan ya yiwu cikin sauƙi ne domin wasan yana karanta kiɗan a matsayin umarni, yana da ikon ya hanzarta shi. A 1991 kamfanin LucasArts ya ƙara gaba da tsarin iMUSE a wasan Monkey Island 2, inda kiɗa ke sauya salo a hankali idan ɗan wasa ya shiga wani gida ya fita wani. Daga baya wasannin Guitar Hero da Rock Band suka yi amfani da fayilolin MIDI wajen tsara alamomin da ke gangarowa kan allo, waɗanda ɗan wasa ke bi da yatsunsa.

Yadda juyin ke gudana

Aikin yana bin matakai da kowane mai koyon rubuta manhaja zai iya fahimta. Da farko ana buɗe fayil ɗin MIDI da wata 'yar manhaja, wadda galibi ake rubutawa da harshen Python, a karanta saƙonninsa ɗaya bayan ɗaya. MIDI ba ya ƙidaya lokaci da daƙiƙa, yana amfani da nasa ƙananan awo. Misali, idan an raba kowane bugu gida 480, kuma saurin kiɗan bugu 120 ne a minti, to kowane bugu rabin daƙiƙa ne, awo na 960 kuma ya faɗo daidai kan daƙiƙa ɗaya. Manhajar za ta yi wannan lissafi ga kowane sauti, ta haɗa saƙon dannawa da na sakewa don gano tsawonsa.

Daga nan sai a zubar da abin da wasa ba ya buƙata, a rubuta sauran a jadawali: lokaci, lambar sauti, ƙarfi, tsawo, da kayan kiɗan da ya buga. Wannan jadawali shi ake sakawa cikin injin ƙera wasa irin Unity ko Godot. Yayin da wasa ke gudana, yana duba agogo yana duba jadawali. Idan lokacin wani bugu ya yi, yana iya fitar da sautin, ko ya sa fitila ta haska, ko abokin karawa ya kai naushi, ko ƙofa ta buɗe. Wasan da ke sauya hoto sau 60 a daƙiƙa yana da ƙasa da kashi 17 cikin 1,000 na daƙiƙa tsakanin hoto da hoto, don haka ƙwararru kan ɗaure lissafin da agogon sauti, gudun kada kiɗa da motsi su rabu.

Idan kuwa abin da ake da shi tsohon kaset ne ko MP3, sai an fara da wani aiki mafi wuya, wato na'ura ta saurara ta tsinkayo sautukan da ke ciki. Kamfanin Spotify ya saki wata manhaja kyauta mai suna Basic Pitch a 2022 don wannan aiki. Tana yin kyau idan kayan kiɗa ɗaya ne ke bugawa cikin tsabta. Idan aka ba ta naɗin dandali, mai ganguna huɗu da 'yan amshi da guɗa da hayaniyar 'yan kallo, sai lissafinta ya dagule.

Kano ta riga ta taka wannan hanya

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga mayar da kiɗa lambobi. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, masana'antar finafinan Hausa ta bunƙasa a Kano, kuma ta buƙaci kiɗa mai sauƙin kuɗi da saurin samuwa. A ƙarshen shekarun 1990 situdiyoyi irin na Iyan-Tama suka koma ga fiyanon Yamaha na rukunin PSR, wanda mutum ɗaya zai zauna gabansa ya jera ganga da sarewa da tafi, layi bisa layi. Fim ɗin Sangaya na 1999 yana cikin waɗanda suka kafa wannan salo a kunnen jama'a. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya daɗe yana nazarin wannan sauyi da tasirinsa ga kiɗan Hausa. Daga baya manhajoji irin FL Studio da Cubase suka shiga situdiyoyin Titin Gidan Zoo, aikin ya koma kan allon kwamfuta.

Ma'anar wannan ita ce, fiye da shekara ashirin makaɗan fiyano na Kano suna yin rabin aikin da mai ƙera wasa ke nema. Kiɗan waƙoƙin fim da na siyasa da na biki galibi yakan fara rayuwarsa ne a matsayin jerin umarni, kafin a naɗe shi a haɗa da murya. Sai dai abin da ake sayarwa shi ne naɗaɗɗen sautin ƙarshe. Fayil ɗin aikin, mai ɗauke da kowane layi a ware, yakan zauna a kwamfutar situdiyo har ranar da ta lalace ko aka goge ta don samun wuri. A idon mai ƙera wasa, wannan fayil da ake watsarwa ya fi waƙar da aka sayar daraja.

Darasi na biyu daga Kano ya fi ɗaci. A 1991 aka fitar da daidaitaccen jerin kayan kiɗa 128 da ake kira General MIDI, domin fayil ɗaya ya yi amo iri ɗaya a kowace na'ura. A cikin jerin akwai sitar da shanai na Indiya, akwai koto da shamisen da gangar taiko na Japan, akwai kalimba na kudancin Afirka. Akwai agogo, ƙararrawar da sunanta na Yarbanci ne amma ta shiga jerin ta hanyar kiɗan Brazil. Babu kalangu, babu kotso, babu kukuma, babu algaita, babu kuntigi. Makaɗin Kano da ke son amon gida sai ya laluba cikin abin da aka ba shi ya ɗauki mafi kusa. An daɗe ana zargin mawaƙan fim da kwaikwayon Indiya, kuma zargin yana da tushe a tarihin kallon finafinan Indiya a Arewa, amma yana da kyau a tuna cewa na'urar da ke gabansu ta zo da sitar a cikinta, ba ta zo da goge ba.

Inda kalangu ya ƙi shiga layi

Ko da an saka sunayen kayan kiɗanmu a jerin, da sauran rina a kaba. Tsanin MIDI an gina shi ne bisa fiyano, inda kowane sauti ke da matakinsa, babu komai tsakanin mataki da mataki. Kalangu kuwa rayuwarsa a tsakanin matakan take. Makaɗi yana matse igiyoyin jikinsa a ƙarƙashin hammata, fatar ta ɗaure, sauti ya hau, ya sassauta sauti ya sauko, wani lokaci cikin bugu guda. Da wannan hawa da sauka yake kwaikwayon karin harshen Hausa, mai sama da mai ƙasa da mai faɗuwa, har mai sauraro ya ji take ya gane wanda ake kira. Haka goge yake, tsirkiya ɗaya ce da yatsa ke zamewa a kanta. Idan manhaja ta tura kowane sauti zuwa matakin da ya fi kusa, bugun zai fito, maganar da ke cikinsa ta mutu.

Akwai mafita a cikin MIDI ɗin kansa. Yana da saƙon lanƙwasa sauti mai matakai 16,384, wanda zai iya bin hawa da saukar kalangu sosai. Matsalar ita ce yawancin 'yan manhajojin juyi suna karanta dannawa da sakewa ne kawai, su watsar da wannan saƙo a matsayin tarkace. Bugu da ƙari, a tsarin General MIDI an keɓe layi na 10 ga ganguna, inda kowace lamba ke nufin wata ganga dabam, kamar dai ganga ba ta da kari. Wanda ya saka kalangu a wannan layi ya riga ya yanke masa harshe. Sabon ma'aunin MIDI 2.0 da aka amince da shi a 2020 ya ba da damar sarrafa kowane sauti shi kaɗai da awo mafi daki-daki, amma sai wanda ya san abin da yake nema zai amfana da shi.

Haka lamarin lokaci yake. Manhajoji suna da al'adar jawo kowane bugu zuwa layin awo mafi kusa, suna ɗaukar 'yar gaba ko 'yar baya a matsayin kuskuren hannu. A kiɗan ƙwarya irin na marigayiya Barmani Choge, ko a ƙungiyar makaɗan kalangun marigayi Mamman Shata, wannan 'yar jinkirtawa tsakanin makaɗi da makaɗi ita ce gishirin kiɗan.

Duk da haka, ta wata fuska kiɗanmu ya fi na kowa dacewa da wasan kwamfuta. A filin dambe, makaɗi ba ya buga waƙa daga farko zuwa ƙarshe ya tashi. Idonsa na kan fili. Ɗan dambe ya fito, ya sauya zuwa takensa. An ja daga, ya rage. An kai naushi, ya ɗaga. An yi kisa, kiɗa ya ɓarke. Abin da marigayi Ɗan Anace ya yi wa Shago ke nan, kuma shi ne abin da injiniyoyin LucasArts suka yi ta fama su koya wa na'ura a 1991: kiɗa mai amsa abin da ke faruwa. Ƙa'idojin suna nan a kawunan makaɗa. Rubuta su a matsayin umarni ne ba a yi ba.

Abin da ya kai zancen Kuta

Kiɗan Hausa ya yi sa'ar samun marubuta. David Ames da Anthony King sun wallafa ƙamus ɗin kalmomin kiɗan Hausa a 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙa, gidan Rediyon Tarayya na Kaduna kuma ya naɗi manyan makaɗa tun shekarun 1960. Ƙananan al'ummu su ne haɗarin ya fi kusanta, kuma Kuta misali ce da ke kusa da Abuja.

Kuta ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Shiroro a Jihar Neja, arewa maso gabas da Minna, ƙasar Gwari manoman doya, inda Hausa ke zaman harshen kasuwa. A ƙaramar hukumar ne madatsar ruwan Shiroro take, kan Kogin Kaduna, wadda ta fara aiki a 1990 da ƙarfin megawat 600. A 'yan shekarun nan hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama na yankin, Kuta da Gwada suka zama mafakar waɗanda suka tsere. Kiɗan gargajiya kuwa a jikin wuri yake rayuwa: gayyar noma, bikin girbi, aure, jana'izar dattijo. Idan gona ta gagara zuwa, gayya ta tsaya, yaron da zai koyi bugun daga kawunsa ya tashi a sansani, to kiɗan yana iya ƙarewa da tsara guda. Babu mai cewa wasan waya zai maye gurbin tsaro ko abinci. Amma naɗi mai kyau da jadawali na gaskiya suna adana abin da za a iya koyar da shi gobe, kuma suna iya kawo wa makaɗin kuɗi a yau.

Kayan aikin ba su da nisa. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, shekarar da aka haifi MIDI, tana da tsangayar fasahar sadarwa da kwamfuta. Jihar kuma tana da abin koyi a tarihinta. A 1954 Ladi Kwali, Bagwariya maginiyar tukwane, ta shiga cibiyar da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. Ta ci gaba da gina tulunta da hannu da zanen gargajiya, aka haɗa da sabuwar hanyar shafe da gashi mai zafi. Tulun ya daina zama na sanyaya ruwa, amma ya zagaya duniya da sunanta a jikinsa, hotonta kuma yana bayan takardar Naira 20. An samu wannan nasara ne domin mai sana'ar tana cikin ɗakin da ake yanke shawara.

Haƙƙin mai shi

Mayar da waƙa lambobi ba ya wanke ta daga haƙƙin mallaka. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare aikin kiɗa har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, saboda haka matashin da ya kwashe karin waƙarsu ya saka a wasan sayarwa yana buƙatar izinin masu riƙe da haƙƙin, ko da bai yi amfani da muryarsu ba. Dokar ta kuma kare kayan al'adun gargajiya da ba su da mawallafi guda, ta ɗora wa Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya alhakin kula da amfani da su don kasuwanci. Kiɗan gayyar wani ƙauyen Shiroro yana cikin wannan rukuni. Abin lura shi ne, fayil na 'yan kilobait ya fi kaset saurin yaɗuwa, kuma ba ya ɗauke da muryar da za a shaida mai ita. Idan ba a rubuta sunan makaɗi da garinsa da sharuɗɗan amfani a cikin jadawalin tun farko ba, babu mai tuna su daga baya.

Abin da ke kan teburin Abuja

Kasuwar ba mafarki ba ce. Kamfanin Maliyo Games na Legas, wanda Hugo Obi ya kafa a 2012, ya yi wasanni irin Aboki Run, kuma a 2024 ya fitar da wasan waya tare da Disney bisa shirin Iwájú. A Kamaru, Kiro'o Games ya saki Aurion a 2016. Shirin 3MTT na Ma'aikatar Sadarwa, Ƙirƙira da Tattalin Arzikin Zamani, wanda aka ƙaddamar a 2023 da burin horar da mutum miliyan 3, ya lissafa ƙera wasanni cikin fannoninsa. A shekarar ce kuma aka kafa ma'aikata ta musamman don fasaha da al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira, aka naɗa Hannatu Musawa ta jagorance ta. Matasan da za su fito daga waɗannan shirye-shirye za su nemi sautin da za su saka a wasanninsu, kuma za su ɗauki abin da suka tarar a intanet.

Jami'in da ke rubuta takardar neman amincewa ko sharuɗɗan kwangila yana da abubuwa ƙanana da zai iya sakawa. Duk naɗin kiɗan gargajiya da gwamnati ta biya kuɗinsa, ko a bikin al'adu na ƙasa ko a wani aikin adana tarihi, a naɗi kowane kayan kiɗa a layinsa dabam, domin naɗin da aka cakuɗe ba ya juyuwa. A tanadi rumbun samfurin sautukan kalangu da goge da kakaki da gangunan Gwari da na Nufawa, a ajiye kwafi a Ma'adanar Finafinai da Sauti ta Ƙasa da ke Jos, a ba ɗalibai damar amfani da shi bisa sharaɗi bayyananne. A sa masu koyar da ƙera wasanni su koyar da saƙon lanƙwasa sauti, kada su tsaya a dannawa da sakewa. A ƙarfafa wa situdiyoyin Kano gwiwa su adana fayilolin aikinsu, su san cewa kadara ce da ake ba da hayarta. A kuma biya makaɗin, a zaunar da shi kusa da mai kwamfutar ya saurari abin da aka juya, domin shi kaɗai zai iya cewa taken ya fito ko bai fito ba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar sabuwar hukuma ko sabon gini. Layi biyu ne ko uku a takardar kwangila, da na'urar naɗi mai layuka da yawa, da mota da za ta bi hanyar Gwada zuwa Kuta tun masu bugun suna da ƙarfin hannu.